Sajan Ya Zo Dubiya

Ɗana na fari kifi yake yankawa a kasuwar Kado. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kuma ba da furfura zan fara ba. In ina son magana da shi sai in ce "kai wannan", in ina cikin raha in ce "mai kifi". Namiji ne sosai, da gemunsa, har an fara maganar aure. Sana'arsa duk a hannu take. A jefo masa karfasa ko giwan ruwa, ya kankare, ya feɗe, ya yanka gunduwa-gunduwa kafin mai saye ta gama ciniki da na gefe. Matan manyan ma'aikata sukan tsallake teburin wasu su zo nasa, wai shi ba ya fasa matsarmama.

A Nyanya muke haya a lokacin, ni da shi da ƙanwarsa mai zuwa sakandare, tun bayan rasuwar mahaifinsu. Irin gidan nan ne mai ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa, wanda in ka yi atishawa a ɗakinka wani ne zai yi maka addu'a daga nasa.

Wata safiya ya fita tasha zai hau motar cikin gari, sai aka yi kame. An fasa wani shagon waya a kusa, 'yan sanda suka zo suka kwashi duk wanda ya yi musu kama da wanda zai iya fasa shago. Da suka buɗe jakarsa suka ga wuƙaƙe, magana ta ƙare. Ya ce musu na kifi ne, su shinshina. Ƙarnin da ke jikin jakar nan ko mai mura zai ji shi daga tsallaken titi, amma hancin hukuma bai ji ba.

Na je caji ofis ɗin da aka ce an kai su. Kofur ɗin da ke kan kanta ya ce babu mai irin wannan kama a wurinsu. Na koma washegari, ya ce babu. Na sake komawa, ya tambaye ni ko na duba asibiti da wurin ajiye gawa, ya faɗa da murya mai taushi kamar wanda yake ba ni shawarar inda ake sayar da tumatir da araha. Ina cikin wannan sintiri ne wata rana da hantsi mai keke ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya ce wasu ne suka tare shi a bayan caji ofis suka ɗora masa mutum, suka ce ya kai shi inda zai faɗa masa.

Ɗana ne, da ƙafarsa ya shigo. Hannuwan ne ba su shigo da kansu ba, biyo shi kawai suka yi, suna reto kamar rigar da aka shanya. Sun ɗaure su ta baya, sun rataye shi a jikin ƙarfe, suna tambayarsa inda wayoyi suke. Shatin igiya ya zagaye wuyan hannunsa biyu, ya yi baƙi. Likita ya ce jijiyoyi ne suka taɓu, wataƙila su dawo, wataƙila ba za su dawo ba, a yi ta gashi ana addu'a.

Ni da ban taɓa zama kusa da shi a gaban mutane ba, sai ga ni ina ba shi tuwo a baki. Yana kallon bango, ina kallon kwano. Haka muke yi har a gama.

Shugaban masu yankan kifi ne ya kawo mana lauya, wata yarinya siririya mai tabarau, daga cikin masu tsaya wa talaka ba tare da karɓar komai ba. Ta zauna a tabarma ta saurare shi har ya gama, ta ɗauki hoton hannuwan, ta kai ƙara gaban wani kwamiti da aka ce aikinsa sauraron koke a kan 'yan sanda. Bayan wani lokaci ta dawo mana da amsar caji ofis. Sun ce ba su san shi ba, ba su taɓa ganinsa ba, bai taɓa taka ƙofarsu ba. Suka ƙara da cewa irin wannan rauni ya fi kama da na wanda ya faɗo daga babur. Ni dai ban taɓa ganin babur ɗin da ke ɗaure mutum ta baya ya bar masa shatin igiya ba, amma ba na yawo sosai, wataƙila a cikin gari akwai.

Lauya ta ce za a sa rana, a kira shi ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Ta ce duk maganar a kan bakin nan nasa ta rataya. In ya tsaya ya faɗa, ƙara na nan. In ya ce babur ne, shi ke nan, an rufe.

Ba a daɗe da wannan ba muka yi baƙo. Da la'asar ce, ina wanke-wanke a tsakar gida, na ji sallama mai kauri. Wani ƙaton mutum ne, ciki ya riga shi shigowa, cikin farin kaftani da hula, riƙe da leda cike da lemo. Komai nasa na mutumin kirki ne in ban da ƙafa. Ya manta ya canza takalmin aiki, baƙin nan mai igiya har ƙwauri. Ya ce ya ji yaro ba shi da lafiya, shi ne ya zo dubiya. Daga cikin ɗaki na ji kofin da ke kusa da ɗana ya kife. Muryar ya gane. Daga baya ya gaya mini sajan ne, shi ne mai ɗaura igiyar.

Abin da sajan ya shirya, kamar yadda na fahimta a hankali, mai sauƙi ne. In ya zo da kaki da bindiga, lauya za ta kai ƙara cewa ana yi mana barazana. In ya zo da lemo, wa zai kai ƙarar lemo? Bahaushe ne, ya san ba a korar mai dubiya. Abin da ya manta shi ne sauran dokokin dubiya, don da alama ya daɗe bai je ta gaskiya ba.

Ya so mu tsaya a bakin ƙofa ya yi mini magana a hankali ya tafi. Na goge hannuna na ce, "Yallaɓai, ai ba ni ce mara lafiyar ba. Yana ciki, bismilla."

Ya ce ba sai ya shiga ba, kada a dame shi. Na ce wane irin damu, mutum ya taso takanas da lemonsa a bar shi a waje, me za a ce da mu a unguwa. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Labule kawai na ɗaga na riƙe, na ci gaba da riƙewa, har ya ga tsayuwar ta fi shigar nauyi.

A cikin ɗaki kuwa akwai mutane, don la'asar lokacin 'yan dubiya ne. Limamin masallacin layinmu na zaune a kan buzunsa, tsoho mai rauni a kunne da ƙarfi a murya. Akwai matar mai gidan hayarmu. Akwai maƙwabciyata 'yar Karshi mai sayar da doya, wadda Hausarta ba ta damu da wane ne namiji wace ce mace ba. Aka matsa wa baƙo, aka ba shi ruwa, ya zauna ya tanƙwashe takalman nan a ƙarƙashin kaftani. Ɗana ya zuba wa silin ido.

Liman, kamar yadda ake yi, ya tambayi baƙo shi wane ne a wurin yaro, ɗan'uwa ne ko abokin sana'a. Sajan ya yi gyaran murya ya ce a wajen aiki suka saba. Liman bai ji ba, ya sa hannu a kunne. Sajan ya maimaita da ƙarfi, yadda har masu tsakar gida suka ji, cewa a wajen aiki suka saba. Liman ya ce madalla, sabon wajen aiki ya fi na jini wani lokaci, to a ɗaga hannu a yi wa mara lafiya addu'a.

Ban taɓa jin liman ya ja addu'a kamar ta ranar ba, kuma na tabbata a lokacin bai san wa ke gabansa ba. Ya roƙa wa yaro lafiya. Daga nan ya juya kan wanda ya yi masa wannan aiki. Ya roƙi Allah Ya nuna masa a jikinsa tun a duniya, Ya hana shi barci, Ya sa hannun da ya ɗaura igiyar ya kasa kai loma baki, Ya tona masa asiri a gaban 'ya'yansa. Kowace gaɓa muna cewa amin. Sajan na zaune da tafukansa a buɗe, zufa na bin bayan kunnensa, leɓe na motsi ba sauti. 'Yar Karshi ta leƙa fuskarsa ta ce, "Oga, kai ba ta cewa amin?"

Ya ce amin. Na ji da kunnena.

Amma kada in sa ku ɗauka wasa ya zo yi. Da na raka shi bakin ƙofa, kamar yadda ake raka baƙo, ya sauke murya. Ya ce yarinyar nan tawa mai zuwa makaranta da shuɗin hijabi tana da hankali, yana ganinta tana tsallaka babban titi ita kaɗai, Allah dai Ya tsare, don Nyanya ba ta da tabbas. Ya ce wuƙaƙen yaro na nan a ajiye, kuma kullum ana fashi a garin nan ana neman masu wuƙa. Sannan ya ce, "Mama, faɗuwa daga babur ba abin kunya ba ne. Kowa na faɗuwa. Ya faɗi haka a wuce wurin."

Na ce na gode da lemo, Allah Ya ba da lada. Na koma ciki na nemi inda yarinyata take.

Daga ranar ya mai da gidanmu wurin zuwa. Wani lokaci lemo, wani lokaci ayaba, ranar da abin ya yi masa tsada ya zo da rake. Kullum sai na ɗaga labule, kullum sai ya shiga, don tun da ya shiga ranar farko ba shi da hanyar ƙi. 'Yar Karshi kuwa da ta ji sallamarsa sai ta bi ƙofofi tana ƙwanƙwasawa, wai abokin mai kifi ta zo, a fito a gaisa. Kafin a jima duk layin sun san shi. Sun san takalmin ma. Liman da ya gane ko wane ne bai rage addu'ar ba, sai ma ya ƙaro mata wasu gaɓoɓi. Akwai ranar da sajan ya tarar da mu muna cin dambu, aka ce bismilla, ya sa hannu. Ci ya yi na gaske, har ya tambayi ko akwai sauran yaji.

Muna dariya a tsakar gida in ya tafi, amma aikinsa na ci. Motar sintiri ta fara tsayawa a bakin layi ba ta ɗaukar kowa ba ta sauke kowa. Mai gidan haya, wani Alhaji Bakatsine mai shagon atamfa, ya kira ni gefe ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma, in duba masa. Na fara raka yarinya makaranta ina ɗauko ta, ita tana jin kunyar ƙawayenta, ni ina waige. Ɗana ya daina cin abinci sosai. In ya ji an taɓa ƙofar gida sai kafaɗunsa su ɗaga.

Wata rana ina gasa masa hannu da ruwan ɗumi, ya yi magana bai kalle ni ba.

"Inna, zan ce babur ne."

Na sake tsoma tsumma a ruwa. Ya ce hannu dai ya riga ya tafi, kwamiti ba zai dawo masa da shi ba, amma ƙanwarsa tana nan da nata biyu. Ya ce ba zai iya kallon mutumin nan a gaban manya ya ce shi ne ba, don ko a ɗakin nan in ya shigo harshensa mannewa yake. Na ci gaba da matse tsumma. Me zan ce? Ba a jikina aka ɗaura igiya ba. Abin da na sani kawai shi ne, in ya faɗi wannan kalma a gaban mutane, zai ci gaba da faɗinta har ya mutu, ga matarsa, ga 'ya'yansa, kuma kullum ya faɗa sai an sake rataye shi.

Lauya da ta ji ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce bakinsa ne, ba za ta tilasta shi ba. Game da zuwan sajan kuwa ta ce abu ne mai amfani ƙwarai, tunda sun rantse ba su san shi ba, amma sai in mutanen layi za su je gaban kwamiti su faɗa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tausaya. Wannan yana da shago, wancan yana da keke da ba ta da cikakkun takardu, waccan mijinta ya hana. Ba na ganin laifinsu. Kalmar shaida a kan ɗan sanda ko a bakinka ka riƙe ta sai ta ƙona ka.

Muna zaune da yamma ana tsinke zogale, matar mai gida ta ce ita wani abu ke damunta. Mutum ya yi ta zarya yana duba mana mara lafiya, da lemonsa da rakensa, amma ko sau ɗaya ba a taka an je wajen aikinsa an yi masa godiya ba, wannan ai rashin tarbiyya ne. Da wasa ta faɗa. Aka yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya, kowa na kallon kowa. Shaida ce ake tsoro. Godiya kuwa ba wanda aka taɓa kamawa a kanta. Wanda ya ce yana da shago ya ce godiya ai wajibi ce. Mijin da ya hana zuwa kwamiti ya ce wannan kam a je, har ya ba da aron motarsa ta ɗaukar kaya. Na gaya wa lauya ina jin tsoron kada ta hana. Ta cire tabarau ta goge, ta ce ita a karatunta ba ta ga inda aka haramta godiya ba, kuma za ta zo, amma da mayafi, a cikin mata.

Abokan sana'arsa na Kado suka aiko da kifi mai kyau. Na yi farfesu, na yi waina, na zuba a babbar kulata mai ruwan goro, wadda nake ji da ita, ba na fito da ita sai suna ko salla. Ɗana ya ce ba za shi ba. Na tsaya a kansa, abin da ban saba ba, na ce, "Kai aka duba, kai ke da godiya. Ni kula kawai zan ɗaukar maka, tunda ba ka iyawa."

Sannan ya ce a sa masa riga.

Da hantsi muka isa, lokacin da caji ofis ke cike da masu kawo ƙara da masu jiran 'yan'uwa. Liman a gaba da sandarsa, mata a baya da mayafai, ɗana a tsakiya. Kofur ɗin nan da ya aike ni wurin ajiye gawa yana kan kanta. Ya tambayi wa aka kashe. Liman ya ce ba a kashe kowa ba, godiya muka zo yi. Kofur ya sake tambaya, don a zatonsa shi ne kunnensa ya samu matsala. Da ya tabbatar, ya ga kula, ya ji ƙamshi, sai ya ruga ciki.

Babban ogansu ya fito yana gyara ɗamara, fuska kamar an yi masa albishir da ƙarin girma. Ashe abin da suke nema ke nan ido rufe, jama'ar gari su zo su yaba musu, a ɗauka a nuna wa na sama. Ya sa aka fito da benci. Ya sa wani ɗan sanda ya ɗauko waya ya fara ɗaukar mu. Ya karɓi kula da hannu biyu ya tsaya ana ɗauka, sannan ya miƙa wa kofur, kofur ya shige da ita ciki da sauri kamar an ce za a fasa. Oga ya ce liman ya yi magana da ƙarfi yadda za ta fito sosai. Bai san liman ba ya buƙatar wannan roƙo ba.

Liman ya yi salati, ya ce mu mutanen layi kaza ne, mun zo mu gode wa wannan ofis saboda sajan ɗinsu mai zumunci. Ya ce tun da yaron nan ya kwanta, sajan bai yanke ƙafa ba, ya kawo lemo, ya kawo ayaba, ya ci dambu da mu, ya ce amin a kan duk addu'ar da aka yi wa wanda ya nakasa shi. Ya ce da bakinsa ya gaya mana a wajen aiki suka saba da yaron, to ga mu mun zo wajen aikin. Mata suka ce ƙwarai, an yi haka, a gabanmu.

Na ga murmushin oga yana sauka a hankali. Ya tambayi wane yaro. Mata suka buɗa.

A daidai nan 'yar Karshi ta hango sajan. Ya fito daga baya da kakinsa, ya gan mu, ya juya, ya rasa inda zai shiga, sai ya tsuguna a bayan wata mota da ta yi haɗari aka ajiye a harabar. Motar ƙarama ce, shi kuma ba ƙarami ba. Hula ta ɓuya, ciki bai ɓuya ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ga ta can, abokin mai kifi. Oga sajan, fito mana, mun kawo maka waina."

Duk harabar aka juya. Masu jiran 'yan'uwa suka fara dariya a cikin mayafi, har wani ɗan sanda ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Sai na ji wani sauti a gefena da na manta da shi. Ɗana ne ke dariya. Yana kallon mutumin da ya rataye shi, ƙato da shi, tsugune a bayan mataccen ƙarfe yana ɓuya wa tsofaffin mata da farfesu. Ya yi dariya har hawaye suka zubo, ba shi da hannun sharewa, na share masa da bakin mayafina a gaban kowa, ban ji kunya ba.

Da ya nutsu ya matsa gaban oga.

"Ranka ya daɗe, ni ne wanda ba ku taɓa gani ba. Ɗakin yana bayan wancan, mai ƙarfe a sama. In an manta hanya zan iya nunawa."

Oga ya daka wa mai waya tsawa da Turanci ya daina ɗauka. Ya fara cewa wa ya turo mu, ya san maganinmu. Lauya ta sauke mayafi, ta mai da tabarau, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi lafiyar iyali. Ta ce ita ma ta ɗan ɗauka a tata wayar, don tarihi, tunda ta ga ofis ma na ɗauka. Liman, da bai ji komai a cikin wannan ba, ya ce a shafa fatiha. Oga ya shafa. Me zai yi?

Ranar kwamiti ɗana ya tsaya. Aka tambaye shi ko ya taɓa faɗuwa daga babur, ya ce ya taɓa, yana yaro, ya ƙuje gwiwa. Daga nan ya faɗi sauran, tun daga tasha har ƙofar baya, bai tsallake komai ba, sajan na zaune a gefe yana kallon takalminsa. Liman ya je, 'yar Karshi ta je, har mai shagon nan da ya ƙi shaida da farko ya je, wai tunda an riga an ɗauke shi a waya yana godiya, ɓuya ba ta da sauran amfani.

Ba zan ce muku an yi mana adalci ba. An ɗauke sajan daga nan an kai shi wani ofis, inda nake jin akwai marasa lafiya da ke buƙatar dubiya. Kwamiti yana nan yana zama, yana ɗagawa, yana sake zama. Alhaji mai gida ya ba mu haƙuri ya ce zai gyara ɗakin, muka gane, muka kwashe kayanmu muka koma can hanyar Karshi, inda mota ta fi wuya. Har yanzu in na ga motar sintiri sai na nemi inda yarinya take. Hannun hagu ya dawo kaɗan, yana riƙe kofi. Na dama bai dawo ba. Yana zuwa Kado duk da haka, ya zauna a teburinsa, wani na yanka shi yana kiran masu saye yana faɗin inda za a sa wuƙa. In baƙuwar mai saye ta tambayi abin da ya sami hannunsa, yakan gaya mata, da sunan abin, ba ya sauke murya.

Kulata kuwa tana can. Mai sayar da ruwa a bakin caji ofis ta ce kafin azahar aka cinye wainar, har ana faɗa a kan kan kifi. 'Yar Karshi na yawan cewa in je in karɓo abata, kula mai kyau haka. Na ce mata a bar su. Na san amsar da za su ba ni, za su ce ba su taɓa ganinta ba.